Tawadar Allah a Tafin Mai Aski

A layinsu Hannun Auduga ake ce masa. Mai aski ne da ba ya yarda da ido kaɗai. Sai ya shafa kanka da tafinsa, ya ji inda ƙurji yake da inda tsohon tabo ya ɓuya, kafin reza ta sauka. Mutane har gyangyaɗi suke yi a kujerarsa, ya tashe su da tsiya: "Malam, nan ba masauki ba ne!"

Da ƙodarsa ta gaza, ƙanensa direba ya ba shi tasa guda, ko gezau bai yi ba. Aka yi dashe lafiya, aka ɗora shi a kan maganin da zai sa jiki ya karɓi baƙuwar ƙoda. Ana cikin murna sai ga tawadar Allah ta feso masa, ƙanana baƙaƙe, a baya, a ƙirji, har tafin hannu, kamar an yarfa masa fenti.

Likitar fata ta duba, ta yanki ɗaya aka gwada.

"Ba ciwon daji ba ne, kuma ba a ɗauka," in ji ta. "Maganin ne ya jawo. Sai dai mu riƙa ɗaukar hoto muna lura ko wata ta canja."

"To a cire mana, likita."

"Guda nawa za a cire? Tabon sai ya fi su muni."

"In na bar maganin fa?"

"Ka rasa ƙodar."

Gaba kura baya sayaki ke nan. Su kuwa mutane, wa ya tsaya jin bayani? Da zarar sun ga tafin nan ya nufo kansu, sai su tuna suna da uzuri. Ya sa safar hannu. Wallahi abin tausayi, mutumin da hannunsa ne idonsa ya koma lalube, har ya yanki wani. Daga nan aka ɗauke masa ƙafa.

Ƙanen bai daina zuwa ba, amma hira kawai, hula a ka, wai ba lokacin aski. Rannan ya sunkuya ɗaukar makullin mota, hular ta faɗi. Kai tas, ƙeya an gyare ta a karkace. Kallo ɗaya yayan ya gane hannun mai askin bakin tasha.

"Yaya, matata ce ke tsoro," in ji ƙanen, kai a ƙasa. "Saboda yara."

Abin ya ci masa rai ba kaɗan ba. Amma me za ka ce da wanda ƙodarsa ke cikinka? Ya ɗauki hular ya kaɗe, ya miƙa masa.

"Ka ce masa ya riƙa bi a hankali," in ji shi. "Kana da tabo a bayan kunnen dama."