Jan Fenti a Jikin Gawon Inna

Shekarun baya, lokacin da takin zamani ya gagari talaka, ruwa kuma yake ɗaukewa gero yana tsakiyar fitar da kai, wani abu ya faru da mu wanda har yau ban manta da shi ba.

Mahaifiyata tana da 'yar gona da ta gada a bayan ƙauyenmu, can wajen Tsanyawa. Ba wata babba ba ce, amma a tsakiyarta akwai wani ƙaton gawo. Kun san gawo da bauɗaɗɗen hali. Da damina, sa'ad da kowane itace ke ado, shi sai ya kakkaɓe ganyensa tas ya tsaya kamar busasshe. Da rani kuma, komai ya bushe, sai ya yi kore shar. Ganyen da ya zubar shi ne takin Inna, 'ya'yansa kuma su ne abincin awakinta. A shekarun nan, geron gindin gawon nan ne yake kai mu kaka. Ba ƙari na yi ba, wallahi.

Ana cikin haka sai wani kamfani da ke sayen riɗi da gyaɗa a hannunmu ya zo da shirin taimakon al'umma. Aka taru a ƙofar gidan dagaci. Shugabar shirin, wata Hajiya haifaffiyar birni, mai fara'a, ta ce, "Ba sadaka muka kawo ba. In ƙasarku ta mutu, mu ma kasuwancinmu ya mutu. Itatuwa za mu dasa, mu gyara gonaki." Muka yi ta tafi. Aka raba huluna masu tambarin kamfani. Ni kuwa tawa, har wanka sai da ƙyar nake cire ta. Da aka zo ɗaukar hoto ni ne a gaba, haƙora a waje.

Da ruwa ya sauka aka yi shuka, sai ga ma'aikatansu da gwangwanin jan fenti, suna bin gonaki suna shafa wa wasu itatuwa. Babu wanda ya ce musu uffan. A wajenmu mutum ya zo maka da alheri, ba ka tsare shi da tambaya, sai a ce ba ka da godiya. Wani abokina, da ba ya taɓa cewa bai sani ba, ya ce, "Ai waɗanda za a riƙa kula da su ne ake yi wa alama." Muka ɗauka haka ne. Inna har da murna. Ta ce, "Ashe mutanen birni ma sun san darajarsa."

Ranar kasuwar Tsanyawa, rabin gari ya tafi. Ina dawowa da yamma, tun daga inda motar ta sauke mu nake jin kukan inji. Na ɗaga kai wajen gonarmu, sai na ga sama fayau. Na tsaya ina kallo kamar wanda ya ɓata hanya. Abin da nake gani tun ina goye, babu shi.

Ban san sanda na yar da kayan hannuna ba. Ina isa na tarar da gawon a kwance, ya danne geron da bai kai gwiwa ba, ana gunduwa-gunduwa da shi ana lodawa a mota. Inna tana zaune a ƙasa, ta ɗora tafin hannunta a kan kututturen. Ba kuka take ba. Ta dube ni ta ce, "Taɓa ka ji. Da danshinsa."

Na yi kan ɗan kwangilar da aka ba aikin saran. "Malam, me ya kai ku? Wannan itacen da ransa!"

Ya ce, "An ce a cire matattu a dasa sababbi. Duk mai jan fenti matacce ne a wajensu."

"Kai ba ka san gawo ba?"

Ko kunya bai ji ba. "Na san shi tun ba a haife ka ba. Amma ni ba a tambaye ni ba." Daga baya muka ji gidajen burodi ya kai itacen.

Innalillahi! Ashe ma'aikatan sun zo da damina ne, suka ga itace babu ganye, suka yanke masa hukunci. Mu kuma muna tsaye muna yi musu sannu da aiki. Mutanen gari suka fito suka hana a taɓa sauran. A gurbin na Inna aka dasa wani ɗan tsiro, bai ko ga ƙarshen damina ba.

Da rani ya tsananta babu abin ba awaki, Inna ta riƙa kai su kasuwa ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka ja ta ƙarshe ne na ga hawayenta.

A ranin nan Hajiyar ta dawo da baƙi, za ta nuna musu aiki. Gonaki fes, babu ko ciyawa, amma ga itatuwa nan jefi-jefi sun yi lif da ganye, kowanne da jan fenti a jiki. Ta ce, "Wa ya shafa wa waɗannan? Ai rayayyu ne!"

Na ce, "Hajiya, matattun naku ke nan."

Sai ta dafe kai, ta ce a kai ta wurin Inna. Ta durƙusa har ƙasa tana ba da haƙuri. Inna ta ce, "Tashi, 'yata. Da kin tambaye ni. Ni ma da na tambaye ki."

Gaskiya kamfanin ya gyara. Suka daina zuwa da shirinsu a kammale, sai an zauna da masu gona tukuna. Suka koma taimaka wa mutane su reni tohon da ke fitowa da kansa. Sun mayar wa Inna da awaki. Amma gawo ba a sayo shi a kasuwa.

Abin da na ɗauka a ciki shi ne, niyya mai kyau ba ta hana ɓarna, kuma kawaicin da muke taƙama da shi wani lokaci shi ke cin mu. Yanzu ko kyauta aka kawo mini sai na ce, "An gode, amma me za a yi da ita?"

Kututturen ya yi toho. Inna ta kewaye shi da ƙaya da hannunta, tana leƙa shi kamar jariri. Allah bai nufa ta zauna a inuwarsa ba. Yau ya fi ɗakina tsayi. Duk damina in ya zubar da ganye, na hango baƙo ya nufo gonar, kafin ya gama sallama nake ce masa, "Malam, wannan da ransa."