Awon Yatsa a Cikin Teku

Talata: Gyadi-Gyadi zuwa Lokoja

Ƙarfe biyar da rabi, bayan sallar asuba, na kulle maƙerata na hau adaidaita sahu zuwa tashar Unguwa Uku. A aljihuna akwai zaren awo da zoben azurfar marigayi abokina Malam Yohana, malamin makaranta a Tarauni.

Ɗansa Bitrus yana Legas, yana koya wa mutane hawan igiyar teku a kan allo. Bara na ƙera masa zobe, ni na auna yatsarsa da hannuna, amma shigarsa ruwa ta farko teku ta zare shi. Yanzu saura sati uku aurensa, uwarsa ta kawo mini zoben mijinta in narka in yi masa na aure.

"Malam, wannan kam kada ruwa ya ci," in ji ta.

Shekara talatin ina awo, zobena bai taɓa suɓucewa ba. Na rantse ba zan sa wannan a wuta ba sai na ga abin da ya ci na farko.

Mun tashi ƙarfe bakwai. Bayan Kaduna soja ya leƙo ta taga.

"Baba, ina zuwa?"

"Legas, awon yatsa."

Duk motar ta kwashe da dariya, har shi. Mun shiga Lokoja ƙarfe shida, na ci kifi, na kama ɗaki kusa da tasha.

Laraba: Lokoja zuwa Agege

Okene, Akure, Ibadan, kwankwasona duk ya sage. A Ibadan na ci amala, ba don daɗi ba. Da magariba na sauka wurin wani ɗan unguwarmu mai tsire.

Alhamis: Bakin teku

Sai an tsallaka ruwa ake isa inda Bitrus yake aiki. Minti ashirin a kwalekwale mai inji, ban bar salati ba. Bitrus ya tare ni a kan yashi, na auna shi nan take. Awon Kano ne cif. Raina ya ɓaci.

"Baba, in na daɗe a ruwa har agogona sakwarkwacewa yake," ya ce.

"To koma ruwan. Bayan awa ɗaya zan same ka."

"A ciki? Ka iya iyo?"

Ban iya ba, ko kududdufi ban taɓa shiga ba. Na naɗe wando na afka. Igiyar farko ta buga ni da ƙasa, na sha gishiri, hulata ta tafi. Na tashi. Bitrus ya riƙe ni da hannun dama, ruwa a ƙirjina, na naɗa masa zare a yatsar hagu.

Zaren ya ragu da kaurin ƙwayar shinkafa. Ashe sanyin ruwa yana tsuke yatsa, ni kuwa na auna da azahar, a zafin Kano, gefen wutar maƙera. Laifina ne, kuma na ji kunya.

Asabar: Gida

Na iso Gyadi-Gyadi da la'asar, ban ko yi wanka ba na hura wuta. Na yi zoben sumul, ba dutse, na dasa ƙwayoyin azurfa biyu ƙanana daga ciki don su riƙe gaɓa in yatsa ta tsuke.

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, da mai tsire da ya bar mini katifarsa.

Wata guda bayan biki, Maman Bitrus ta shigo maƙera da wayarta. Hoto ne: hannu ya fito daga kumfar teku. Ta ɗora yatsa a kan gilashin, daidai zoben mijinta.

"Malam," ta ce, "yana nan."