Gonar Bakin Magudana

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana, Alhaji Habu, wanda mutanen Kura da Bunkure suka fi sani da Lauya. Ni ƙaninsa ne, Sale, manomin rani. Karatuna a firamare ya tsaya, masu karatu su yi mini uzuri.

Shi ya karanta shari'a a Zariya, ya yi aikin lauya a Kano, siyasa ta kai shi majalisa, aka sa shi a kwamitin tsaro. Daga baya aka ba shi kula da fanshon tsofaffin sojoji, a nan ya ƙare aikinsa. In ya zo gida, ƙofarmu cika take yi da dattawa, wani da sanda, wani ido ɗaya. Ba ya cin abinci sai ya saurari na ƙarshensu.

A cikinsu akwai Kofur Bitrus, mutumin Filato, wanda ya rasa ƙafar hagu a yaƙin basasa. Fanshonsa ya maƙale, Yaya ya yi ta bi bai samu ba, abin ya tsaya masa a rai. Gonakin rani biyu muka gada. Ɗaya tana bakin magudana, inda ruwa ke fara isowa, ɗaya tana can ƙarshe, sai kowa ya ƙoshi take sha. Mai gonar ƙarshe kullum yana tafe a gefen magudana, yana buɗe inda aka toshe, yana roƙo, yana faɗa. Yaya ya ce mai ƙafa ɗaya ba zai iya wannan ba. Da yardata ya ba Kofur aron ta bakin ruwa iya tsawon ran Kofur ɗin, mu muka koma ta ƙarshe.

Na ce, "Yaya, ba za a rubuta ba?" Mutum ne da ko keke ba ya ba da aro sai da shaida.

Ya ce, "Ai kana nan, Sale."

A lokacin ruwa na isa ko'ina. Yanzu ciyawar kachala ta cinye magudana, bana tumatirina a tsaye ya bushe. 'Ya'yana da na Yaya sun haɗa baki, sun ce tun da babu takarda a karɓe gonar. Ban ce musu e ba, ban kuma ce a'a ba.

Watan jiya aka ce mini Kofur na kwance ba lafiya. Kafin bakina ya ce Allah ya ba shi sauƙi, zuciyata ta riga ta shuka albasa a gonarsa. Ba wanda ya ji, amma ni na ji. Tun ranar nake istigfari, abinci ma ba ya mini daɗi. Ina jin labarin tsofaffin sojoji a rediyo, suna kwana a titi a Abuja suna jiran tantancewa, sai in ce da Yaya na raye da ya tayar da ƙura. Sai kuma in tambayi kaina, ni fa me zai ce mini?

Na je gai da Kofur. Yana ganina ya yi dariya, ya ce, "Ƙanin Lauya, ni ka zo dubawa ko gona?"

Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Wasa nake. Na ji tumatirinka ya ƙone. In yaran sun matsa maka, ka karɓa. Lauya ya yi nasa."

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na ce, "Kofur, albasarka na son ruwa. Gobe ni zan ba ta."

Na tara yaran na ce gona tana hannun Kofur. Babban ɗana har yau gaisuwa kawai ke haɗa mu. Da safe nakan shayar da albasar Kofur, in ɗauki lauje in bi magudana ina yankan kachala har gonata.

Jam'iyyar Yaya ta watse tuntuni, babu titi mai sunansa, fanshon Kofur ma har yau bai fito ba. Abin da ya rage nasa a ƙasar nan shi ne maganar da ya bar mini, ni kuwa na ga abin da zuciyata za ta iya. Shi ya sa na kawo ta jarida. Gonar bakin magudana aro ce ga Kofur Bitrus iya tsawon ransa. Yaya, yau an rubuta, duk wanda ya karanta shaida ne a kaina. Allah ya jiƙanka.