Moton Sani a Magazar Alhaji Bawa

Ranar da aka kira ni gidan Alhaji Bawa in duba tayoyin wani moto, wato babur, ba ta taɓa fita daga raina ba. Cikin damina ne, bayan Babbar Sallah da kaɗan. A lokacin ubangidana ya daɗe da yaye ni, ina da rumfar faci tawa a bakin titin da ke shiga Zongo a nan birnin Kwatano, inda nake har yau. Ina rubuta wannan ne saboda abokan sana'a, musamman masu koyo, don wata rana irin wannan kiran zai zo muku.

Alhaji Bawa mai masauki ne. Fatake daga Nijar da arewa suna sauka a gidansa, in za su koma gida su bar masa kayansu a magaza, wato ɗakin ajiya. Ba shi da shago a kasuwar Dantokpa, ba shi da mota. Abin da yake ci da shi guda ne: kowa ya san kayan da aka bar masa ba a taɓa su.

Mai moton kuwa Sani ne, mutumin Doso ta Nijar, mai sayar da albasa. Ya sa wa moton sababbin tayoyi, ko mako bai yi da su ba ciwon mahaifinsa ya kira shi gida. Tafiyar da ya ce ta 'yan watanni ce ta zama ta shekaru. Yana can wani ya gaya masa ya ga motonsa a unguwar Agla a nan Kwatano, wani mai rigar ruwan ɗorawa yana zem da shi, wato yana ɗaukar fasinja. Da wannan magana a ciki ya dawo Kwatano.

Na tarar da ƙofar magaza a buɗe, mutane sun cika tsakar gida. Sani na tsaye yana nuna tayar baya.

"Malam Garba, dubi nan don Allah. Tayar da na bari da gashinta ce wannan? Ko dai an ci tawa a titi, ko an cire an sa mini ta bola."

Alhaji na zaune a kan benci, carbi a hannu, ba ya ja. Ya ce, "Garba, duba ka faɗi abin da ka gani. In ni ne, ka faɗa a gaban kowa."

Gaskiya da na leƙa, zuciyata ta karkata wajen Sani. Tankin moton na ƙyalli, kujera ba ƙura. Abin da ya shekara a ajiye ba haka yake ba. Na tambayi Alhaji, ya ce shi yake goge shi da kansa kowace Juma'a. Wani daga baya ya yi tari irin na rashin yarda. Sani ya ce mu duba agogon kilomita, na ce wannan ba shaida ba ce, kowa ya iya zare wayarsa ya mayar.

Abu na farko da na roƙa shi ne kada kowa ya motsa moton. Ku riƙe wannan: moton ajiya a inda yake tsaye ake fara duba shi. Da an tura shi, rabin shaidar ta tafi.

Na durƙusa. Iska ta daɗe da fita, tayoyin biyu sun zauna a ƙasa. Na bi zanen tayar baya da yatsa, zurfinsa na nan kamar na sabuwa. Ƙananan gashin roba da ke zuwa da sabuwar taya suna nan a gefe, sai dai ina taɓa su suna karyewa. Na danna farce a jikin robar. Taya mai rai tana karɓar farce ta mayar, wannan kuwa kamar na danna ƙwarya. Cikin ramukan zanen duk ƙananan tsaga ne, irin na faso.

A ƙasa, tsakanin wayoyin ƙafa da marfin birki, zanzaro ya yi gini, gida kan gida, wasu sun tsufa sun zama fanko. Da ƙafar ta juya sau ɗaya, da sun rushe. Na nuna wa Sani.

Ya ce, "Zanzaro ai a mako guda yake gini. A ajiye moto wata biyu kafin in iso, me zai hana?"

Maganarsa na kan hanya, ban musa ba. Na koma kan notin da ke riƙe ƙafar. Iskar teku ta garin nan ta sa masa tsatsa ta rufe shi ruf, ba tabon sifana ko ɗaya. Ba a kwance ƙafar nan ba tun da daɗewa. Sannan na ce mutum biyu su ɗaga bayan moton a hankali.

Nan ne magana ta fito. Inda tayar ta zauna ya baje kamar an guge shi, bai koma daidai ba. A siminti ta bar baƙin shatinta. Manyan tsagar duk a wannan wuri guda suke, inda gefen ya lanƙwashe, har zaren ciki ya leƙo. Na juya ƙafar, sauran zagayen ba irinsu. Ta gaba ma haka.

Na ce, "Sani, tayar da ta yi aiki, zanenta ke cinyewa, kuma ko'ina take tsufa daidai. Wannan a wuri ɗaya ta mutu. Ba hawa ya kashe ta ba, tsayuwa ce. Inda ka jingine shi, nan yake."

Alhaji ya ce a hankali, "Ko tura shi ban yarda a yi ba. Da ruwa ya shigo bara, buhuna muka kwashe, shi muka kewaye shi da bulo."

Na ɗauka an gama, ashe zargin wuri kawai zai sake. Sani ya ce to tunda zanen na nan, in ba su iska ya tafi. Na ce ba zan ba su ba, biyun duka sai an canja, har da robar ciki. Roba in ta bushe ba ta kama kwalta, balle da ruwan sama, kuma wannan tsagar tana iya buɗewa yana tsakiyar gada da buhun albasa a baya.

Ya dube ni, ya dubi Alhaji, ya yi wata 'yar dariya. "Ku masu faci ai kowace taya gawa ce a wurinku. Ka cire, ka shafa mata baƙin mai, gobe in gan ta rataye a rumfarka. Wa ya sani ma ko kun gama magana da maigida kafin in zo?"

Ban ji haushi ba, domin akwai masu yin haka a cikinmu, kun san su. Amma na ga in ya tafi da wannan tunani, shaidar da na bayar ta zube, sunan Alhaji ya koma inda yake da safe. Na cire ƙafar baya, da ƙyar notin ya yarda. Na ɓare tayar daga bakin ƙarfe, tsatsa ta manne ta. Na miƙa masa wuƙata.

"Yanka da hannunka. In ka yanka, ba ni ba sayarwa. Sababbin kuma ka je Dantokpa ka saya inda ka ga dama, ka kai wa wanda ka ga dama ya ɗaura."

Ya karɓa. Bai ma kai ga yanka ba. Ya lanƙwasa wurin da ta zauna don ya sami bakin sa wuƙa, sai ta buɗe a hannunsa kamar busasshen ƙuli-ƙuli. Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya je ya durƙusa gaban Alhaji.

"Baba, ka yafe mini."

Alhaji ya ce, "Na yafe. Amma wanda ya ga motonka a Agla, ka koma ka gaya masa abin da kai ka gani. Wannan tayar kuma ka bar mini ita."

Tana nan rataye a ƙofar magazarsa. Duk baƙon da ya kawo moto ajiya sai ya nuna masa ita tukuna.

Abin da na koya shi ne, zurfin zane ba ya nuna lafiyar taya. A duba taurin roba, a duba tsaga, a duba inda ta zauna. Na kuma koyi cewa a aikinmu ba ya isa ka faɗi gaskiya, sai ka cire hannunka daga ribar da ke cikinta mutane ke ji.

Yanzu lokaci-lokaci Alhaji kan aiko in je in ba motocin ajiya iska, in ɗan gusa su. Amma bai taɓa barina in taɓa ko ɗaya ba sai ya kira maƙwabta biyu sun tsaya a bakin ƙofa. Ran nan na ce, "Alhaji, har ni?"

Ya ce, "Ba kai kaɗai ba, Garba. Har ni sai da shaidu."