Telan da Ya Auna Hanyar Jirgi da Zare

Ranar Laraba, tara ga watan nan, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran aminina, telan bakin layinmu. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Na zauna in rubuta kuka, Tela, sai dariya take riga hawaye fita, kuma laifinka ne.

Tun da autarka ta samu aikin jinya a wancan birni na ƙarshen duniya, ka manna taswira a bango, saman keken ɗinki. Duk wanda ya kawo yadi sai ka auna kafaɗarsa, sannan ka ja shi ka auna masa tsakanin garinmu da nata. Ka ce ko kamu ɗaya bai cika ba, amma ko da igiya ba mai sa ka cikin jirgin sama. Sai da ta haihu, ta ce jikarka ba ta san ka ba sai a waya, sannan ka ɗinka sabuwar riga ka tafi, kana salati tun daga ƙofar gida.

Ka dawo bakinka bai rufuwa! A ɗan allon da ke bayan kujera ka ga jirgi ya saki miƙaƙƙen layin da kake aunawa a taswira, ya yi kwana can arewa ta kan ƙanƙara. Ka kira ma'aikaciyar jirgin, ka ce ta gaya wa direba yana yanka a karkace, zai ɓata yadi. Ta yi dariya har da dafa kujera, ta ce duniya ba shimfiɗaɗɗen yadi ba ce.

Daga nan muka shiga uku. Kullum sai ka sayo lemo, ka ce shi ne duniya, ka ja zare a kansa, ka tare ni da mai aski: "Duba nan, tsoho! Lanƙwasar ita ce gajeriyar hanya." Mu sha darasi, mu sha lemo. Haka kake da komai naka. Rigunan marayun layin nan a kan kekenka suka fito, ba wanda ya ji daga bakinka.

Da ciwo ya tsananta, likita ya ce a kira na nesa. Autarka ta hau jirgi, muka zuba wa ƙofa ido, ba mu san ko za ta iske ka ba. Matarka tana kuka, tana cewa hanya ta yi tsawo. Ka buɗe ido ka ce ta kwantar da hankali, yarinya ta gajeriyar hanya take zuwa.

Kuma ka jira. Ta shigo da jaka a kafaɗa, jikarka a hannu. Ka riƙe yatsun autarka, ka tambaya ko direban ya bi ta kan ƙanƙara. Ta ce ya bi, Baba. Ka yi murmushi, ka cika da kalmar shahada.

Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka kabarinka. Ya ba matarka, 'ya'yanka da jikarka haƙurin rashinka. Ya kai ka Aljanna ta gajeriyar hanya, Tela. Amin.