Tsanin da Genzo Ya Gani

Shekara arba'in Genzo Kuramochi yana hawa bishiyoyin garinmu yana datse musu rassa. Bai yi wani karatun kirki ba, ni kuwa shekara talatin na yi ina koyar da adabi. Amma duk wata, idan muka taru mu goma sha biyu a zauren unguwa don baje haiku, waƙar nan mai layi uku, tasa ake zaɓa. Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Ba wanda ke sa suna. Kowa ya rubuta a 'yar takarda, a cakuɗa, wani ya kwafe da hannunsa, sannan a zaɓa. Sai an karanta waƙa mai ita ke faɗin sunansa. Na rantse a raina cewa ko duniya za ta zaɓi Genzo, ban da ni. Ai na san salonsa: zarto, igiya, ƙanshin ɗanyen reshe. Da na hango su sai in tsallake.

A taron kaka na shigo da tawa, wadda na yi mako uku ina gogewa, a kan dazuzzukan dutsen da na je gani takanas a jirgin ƙasa. Cikin jerin kuma na ci karo da wannan:

Kaki ɗaya a reshe,
mai tsinka ya tafi,
tsaninsa na jingine.

Marigayi mijina na tuna, mai barin 'ya ɗaya a bishiyar kakinmu, mai 'ya'ya ja masu zaƙi, don ta yi mata gadi har baɗi. Babu zarto, babu igiya, na zaɓe ta hankalina kwance.

Aka karanta, mutum tara suka zaɓa. Daga can ƙurya murya ta ce, "Genzo." Tawa ko mutum ɗaya bai taɓa ba.

A bakin ƙofa, muna sa takalma, na ce, "Tsoho, ina ka sato wannan?"

Ya sosa ƙeya. "Haba Malama Hatsue, ai a gidanki na gani. Shekara biyu ina son in ce ki shigar da tsanin nan, ruwa na cin sa. Na rasa ta inda zan fara."

Kullum ta gefen tsanin nake wucewa in fita neman abin rubutawa. Da na koma gida na kama shi da hannu biyu zan ɗauke daga inda mijina ya jingine shi, sai na kasa.