Jirgin da Ke Tsayawa a Oshodi

Wata Asabar cikin damina, shekarar da na shiga aji huɗu, ruwa ya hana mu fita. Muka taru a barandar gidan hayarmu da ke Agege, muka zagaye ƙanena Sabi'u, ɗan shekara biyar, wanda barci ya kwashe a jikin huhun goron Baba, baki buɗe. Minsharinsa ya fi na ƙaton mutum, shi ya sa yaran gidan suka laƙaba masa Jirgin Iddo, wato jirgin ƙasan da ke zuwa tashar Iddo a nan Legas. Wasanmu shi ne, duk sa'ad da minsharin ya ɗauke, ƙirjinsa na ta ɗagowa ba iska, sai mu ce jirgi ya tsaya a tasha. Ni ce mai kiran tasha. "Oshodi!" in ji ni, mu yi tsit muna ƙirge da yatsu, har ya zabura ya ja numfashi da ƙarfi, mu kwashe da dariya. Ran nan sai da yatsuna suka ƙare na sake farawa.

In ya farka kuwa, Sabi'u ba ya zama wuri ɗaya. A aike shi sayo burodi, ya dawo hannu rabbana ya manta abin da aka ce. Muna 'yar carafke ya zo ya watsa mana duwatsu, ya gantsara wa wanda ya tanka cizo, sannan ya zauna ya yi ta rusa kuka. A makaranta in ba gyangyaɗi ba, to faɗa. Inna ta sa wanzami ya cire masa beli, aka yi masa rubutu ya sha, ba abin da ya sauya. Maƙwabciyarmu Maman Tunde ta ce a gwada asibiti, Baba ya ce, "Asibitin me? Yaron da ke barci kamar kasa? Iskanci ne kawai." Aka ƙara bulala. Yana aji uku malamai suka gaji da shi, Baba ya cire shi ya sa shi ɗaurin goro. Ni har daɗi na ji, na huta da kiran da ake mini in zo in ga ɓarnar ƙanena.

Bara 'yata Hafsa ta fara irin wannan minsharin, da irin wannan fitinar. Likita ya duba ta ya ce nama ne ya tsuke mata hanyar iska, ba ta samun barcin kirki, rigimar duk gajiya ce. Ya tambaye ni ko numfashinta na ɗaukewa, kuma yana daɗewa. Na ba shi amsa ba gargada, ai tun ina ƙarama na ƙware. Aka yi mata aiki, kafin hutu ya zo ta natsu.

Na sami Sabi'u a rumfar goron da ya gada, na kwashe labari na faɗa masa. Ya yi murmushi yana yayyafa wa goro ruwa, ya ce, "Yaya, abeg bar maganar nan. Ni dai Allah bai ba ni kai ba." Shekara da shekaru ke nan ya yarda da haka, na kuma rasa ta inda zan fara ba shi haƙuri. Har yau in kwandastan danfo, motar hayar Legas, ya kira Oshodi, sai in ga yatsuna sun fara ƙirge.